Na samu takardun salsala a gafakar kaka, ta ina zan fara bibiya?

Jikan_Fatake:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema wurin masana da dattawan cikinmu. Kakanmu na wajen uba a Kumasi aka haife shi, yana cikin waɗanda suka dawo gida a ƙarshen 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takardar zama wa'adin mako biyu su bar Gana. Ya sauka Kano da uwargidansa da 'ya'yanta. Amaryar kuwa 'yar ƙasa ce, sai ta tsaya can da nata 'ya'yan, tun ana wasiƙa har aka daina jin ɗuriyar juna.

Bayan rasuwar baffanmu, wanda shi ne babban gida, ana rabon littattafai sai gafakar kaka ta faɗo hannuna. Alƙur'ani ne rubutun hannu a ciki, a bayansa kuma akwai takardu biyu a naɗe. Ta farko sunaye shida ne a jere, uku daga ciki duk Muhammadu ne. A ƙasa an rubuta Salga, sai wasu baƙaƙe uku da suka tsaya su kaɗai: shin mai ɗigo uku, sin, da ya. Ta biyu doguwa ce, sunayen sun haura ashirin, ta ƙare da Imamu Malik. A gidanmu ana cewa asalinmu Madina ne, wannan takarda ta biyu ita ce hujja. Gwaggona kuma, wadda ita kaɗai ta rage a cikin 'ya'yan kaka na nan gida, cewa take mu Agalawa ne daga Bebeji. Wanne zan kama? Akwai inda ake ajiye tsofaffin takardu da mutum zai je ya duba? Kuma anya za a iya gano 'yan'uwanmu da suka rage a Kumasi?

Malam_Na_Zaure:
Wa alaikumus salam. Ɗana, kafin ka je ko'ina, koma ka buɗe takardun ka duba mini abu ɗaya. Mene ne a tsakanin suna da suna? In ka ga "bun" ko "ibnu", to wane ɗan wane ake nufi, salsalar jini ke nan. In kuwa "an" ka gani, ko aka ce wane ya karanta a wurin wane, to salsalar karatu ce, ijaza. Malaman Gwanja da Asante, musamman Wangarawa, sun riƙe wannan al'ada ƙwarai. In ɗalibi ya sauke Muwaɗɗa ko Ashafa ko Jalalaini sai malaminsa ya rubuta masa jerin waɗanda aka karɓo littafin daga hannunsu. Takardar da ta ƙare da Imamu Malik, zuciyata ta fi ba ni ijazar Muwaɗɗa ce.

Baƙaƙen nan uku kuma ramzi ne, wato shekara. A hisabin da malamanmu ke bi, irin na Magriba, shin 1000 ne, sin 300, ya 10. Ka ga 1310 ke nan bayan Hijira. Kada ka bari wanda ya koyi hisabin Gabas ya lissafa maka, don su a wurinsu shin 300 ne, sin 60, sai lissafin ya ɓace.

Almajirin_Tarihi:
Allah gafarta Malam, in haka ne abin ya yi ma'ana sosai. 1310 ta kama daga tsakiyar 1892 zuwa tsakiyar 1893. Mai son ya juya shekarar Hijira da kansa, ya raba ta da 33, ya cire abin da ya samu daga cikinta, ya ƙara 622, zai faɗa kusa. To a 1892 ɗin aka yi yaƙin basasar Salga, babbar kasuwar goro ta ƙasar Gwanja, rikicin sarauta tsakanin gidajen Gwanjawa, kasuwar ta watse, fatake da malamai suka bazu zuwa Kete-Krachi, Yeji, Kintampo da sauransu, daga baya da yawa suka gangara Kumasi bayan Turawan Ingila sun kama Prempeh, sarkin Asante, a 1896. Shi kansa shahararren malamin nan Imam Umaru, haifaffen Kano, daga Salga ya koma Kete-Krachi, can ya rasu a 1934. Ɗan'uwa, mutum ba ya zama ya rubuta sunayen kakanninsa haka siddan. Mai yiwuwa wanda ya rubuta ya ga gari na shirin tashi, yana tsoron 'ya'ya su watse ba su san su wane ne ba.

Jikan_Fatake:
Malam na duba. Ta farko "bun" ne tun daga sama har ƙasa. Ta biyu "an" ne, kuma a layin farko akwai kalmar da ɗan'uwana mai karatun Larabci ya ce "ajaztu" ce, wato na ba da ijaza. Sunan da aka ba ijazar shi ne suna na biyu a takarda ta farko.

Malam_Na_Zaure:
Alhamdu lillahi. To ka ga ɗaya daga kakanninka malami ne da ya sauke Muwaɗɗa, wannan ba ƙaramin gado ba ne. Amma jininku a takarda ta farko yake.

Baba_Tsoho_Fagge:
Ni dai ban ga amfanin wannan tone-tonen ba. Garin tone-tone kaza ta tono wuƙar yanka ta. Gida ya zauna shekara da shekaru a kan magana ɗaya, yau yaro zai zo da takarda ya ce wa iyayensa ba haka ba ne? Na ga inda irin wannan ya ɓata aure. An sa rana, an kai lefe, wani mai shisshigi ya je ya binciko cewa kakar kakan yarinyar sayo ta aka yi, magana ta tashi. Yarinyar nan me ta yi? Duk 'ya'yan Adamu ne mu, Adamu kuma daga ƙasa yake.

Bakatsiniya:
Baba, Allah ya ƙara girma, amma laifin nan na waɗanda suka fasa auren ne. Sukar nasabar mutane Annabi sallallahu alaihi wa sallam ya lissafa ta cikin al'amuran jahiliyya. Shi ne kuma ya ce mu koyi nasabarmu gwargwadon abin da za mu sada zumunci da shi. Wannan bawan Allah yana da baffanni da gwaggwanni a Kumasi, uba ɗaya da mahaifinsa, bai san su ba. Ko ta fuskar gado ma ai akwai haƙƙi. An raba gadon kakan da su, ko an raba ba su?

Baba_Tsoho_Fagge:
Maganar gado kin yi gaskiya 'yata. Neman 'yan'uwa ban hana ba. Abin da nake gudu a mai da shi abin alfahari ko abin gori.

Ɗan_Ayari:
Ni Ba'agale ne, bari in sa baki. Maganar gwaggonka ta fi kama da gaskiya, don duk abin da ka faɗa hanyarmu ce. Fatauci zuwa Gwanja a ƙarni na 19 yawancinsa a hannun jama'a uku yake: Agalawa, Tokarawa da Kambarin Barebari. Agalawa tushensu wajen Abzin ne, suka fara zama a ƙasar Katsina, daga baya suka cika garuruwan ƙasar Kano, Bebeji na cikin manyansu. Alhassan Ɗantata a Bebeji aka haife shi a 1877, kuma da goron Gwanja ya fara kafin gyaɗa. Ayari kan tashi da jakuna ɗauke da kanwa, baƙin rini, fatu da busasshiyar albasa, madugu ne shugaba, jagaba na gaba, a ƙetare Kwara ta wajen Yawuri ko Busa ko Ilo, a ratsa Bargu ta Nikki da Zugu, a faɗa Yandi, sai Salga. Zuwa da dawowa kan ci wata shida, wani lokaci har shekara. Shi ya sa mutum kan yi gida biyu, ɗaya a nan ɗaya a can, kuma duk zangon da ke kan hanya akwai wanda ya tsaya ya yi aure bai ƙarasa ba.

Abin da Baba_Tsoho_Fagge ke gudu kuma bari in faɗa da bakina. Masana tarihi sun rubuta cewa kakannin Agalawa Bugaje ne, masu yi wa Abzinawa hidima. Wasu 'yan'uwanmu ba sa son jin haka. Ni ban ga abin ɓoyewa ba. Mutane ne da suka zo ba su da komai, suka riƙe karatu da fatauci da amana har sarakuna suka san da zamansu. Farfesa Paul Lovejoy ya zauna Kano a 1969 da 1970 ya yi hira da tsofaffin fataken goro, da yawansu 'ya'ya da jikokin madugai ne. Ka nemi aikinsa a ɗakin karatu na jami'a, akwai sunayen madugai da garuruwa a ciki, ka gwada da naka shidan.

Uwar_Biyu:
Don Allah ƙanena, abu na farko ka ɗauki hoton takardun nan yau ɗin nan, gaba da baya, cikin hasken rana ba tare da fitilar waya ba, ka tura wa mutum biyu ko uku su ajiye. Mu namu gara ce ta cinye. Akwatin ƙarfe ne a ƙarƙashin gadon tsohuwa, kowa na ganin a killace yake, ranar da aka buɗe sai ƙasa da guntaye. Ɗan abin da ya tsira wani ya kai shi shago aka manne shi da leda a na'ura mai zafi, tawadar ta narke ta dame. Kada ka sa leda, kada ka sa salatif. Ka sa kowace tsakanin fararen takardu masu tsabta, ka mayar gafakar, ka rataye inda ba damshi.

Almajirin_Tarihi:
Yaya Uwar_Biyu ta faɗi gaskiya. In ƙara da wannan: ka ɗaga takardar saitin rana ka duba cikinta. Yawancin takardar da malamanmu suka yi rubutu a kai a ƙarni na 19 daga arewacin Italiya take, ta Tarabulus ta ratso Sahara, za ka ga tambarin jinjirin wata uku a jere a cikin jikin takardar. In ka ga layi-layi irin na littafin makaranta, to kwafe aka yi daga baya. Ka duba rubutun kuma: a tsohon rubutunmu fa ɗigonta ɗaya ne a ƙasa, ƙaf ɗigo ɗaya a sama.

Maganar inda za ka je. Gidan adana takardun tarihi na ƙasa an kafa shi a 1954 ƙarƙashin Kenneth Dike, yana da manyan rassa a Ibadan, Enugu da Kaduna, namu na Arewa shi ne na Kaduna. Fayilolin an jera su lardi-lardi, na Kano KANOPROF, na Sakkwato SOKPROF, sai SNP na sakatariyar Arewa. Abin da zai yi maka amfani shi ne rahotannin ƙiyasin haraji da kundin gunduma da Di'o-Di'o suka riƙa rubutawa. A ciki akwai tarihin gari kamar yadda dattawa suka ba da, jerin dagatai, ƙabilun da ke kowace unguwa da sana'o'insu. Sai Arewa House, tsohon gidan Sardauna a Kaduna, wanda ya zama cibiyar bincike ta Jami'ar Ahmadu Bello a 1970 a hannun Farfesa Abdullahi Smith, akwai rubuce-rubucen Larabci da ajami. A Kano akwai Gidan Ɗan Hausa. A Sakkwato akwai cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu.

Amma kada ka tafi da tsammanin za a buɗe littafi a ce ga sunan kakanka da ranar haihuwarsa. Bature bai yi wa talakan Arewa rajistar haihuwa ba. Wanda yake rubutawa shi ne mai sarauta, mai biyan haraji mai yawa, ko wanda ya shiga shari'a.

Tsohon_Muhuti:
Na yi aikin rubutu a kotun alƙali, don haka in gyara wa Almajirin_Tarihi abu ɗaya. Talaka ma yana shiga littafi, ta ƙofar gado. Duk gadon da aka raba a gaban alƙali sai an rubuta mamaci wane ɗan wane, matansa, 'ya'yansa maza da mata, wani lokaci har iyakokin gona da sunan maƙwabta ta gabas da yamma. Wannan ne kaɗai wurin da za ka ga sunayen mata a jere. Na zamanin En'e da Larabci ne ko ajami. Ba duka suka tsira ba, amma in ka san gari da kimanin shekarar rasuwa, ka tambaya. Haka kuma littattafan fansa na farkon zamanin Turawa, inda ake rubuta wanda ya fanshi kansa ko danginsa suka fanshe shi, da garin da aka kamo shi. Na san masu neman tushensu da nan kaɗai suka samu sunan garinsu na asali.

Hajiya_Mai_Goro:
Ku maza kuna ta Kaduna da Sakkwato, ga babban kundi nan a gida kun bari. Yaro, shekarun gwaggonka nawa? Ka bar duk wani abu ka je ka zauna da ita tun tana da ƙarfin magana. Kada ka je da biro da takarda kamar mai ƙidaya, za ta rufe baki. Ka kai mata goro da turare, ka kunna rikodar waya, ka tambaye ta abincin da ake yi a gidansu na Kumasi, wa ya yi mata kitson aure, wa aka ba riƙonta. Sunaye za su fito da kansu.

Kuma ka sani akwai alkunya. Ba za ta kama sunan ɗan farinta ba, ko na mijinta, ko na surukinta. Za ta ce Malam Babba, Mai Babban Ɗaki, Inna ta Yalwa. Ka rubuta laƙabin yadda ta faɗa, daga baya ka nemi sunan yanka a bakin wani. Muhammadu ukun nan da ke takardarka, kowannensu yana da sunan da aka san shi da shi a gari, kuma da shi za a gane shi a Bebeji. In ka je kana neman gidan Muhammadu ɗan Muhammadu ba wanda zai iya nuna maka.

Bakatsiniya:
Hajiya kin taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Duk salsalar da na taɓa gani maza ne zalla, kamar daga sama suka faɗo. Kakata ta wajen uwa ta lissafa mini iyaye mata biyar a jere, kowace da garinta, ba ko ɗaya a rubuce. Na rubuta su yanzu, na kuma sa 'ya'yana sun haddace. Jikan_Fatake, ka tambayi gwaggo sunan kishiyar uwarta da ƙabilarta. Ta nan za a samu na Kumasi, don in uba ya tafi, 'ya'ya wajen dangin uwa suke komawa.

Ɗan_Zangon_Kumasi:
Salamu alaikum, daga Kumasi nake. Wani ne ya turo mini wannan hira. Ɗan'uwa, abin da kake nema ba wuya kamar yadda kake zato. Zangonmu kowa ya san gidan kowa. Ka gaya mini unguwa kawai: Tsohon Zango ne, Yalwa, Aboabo, Sabon Zango ko Asawase? Har yau in ka shiga akwai gidajen da ake kira da sunan mai gidan da ya tafi tun 1969. Akwai Sarkin Zango, akwai limamai, akwai tsofaffin 'yan goro. In ana cigiya a masallacin Juma'a ake yi, kafin la'asar wani ya ce ya san su.

Maganar takardu, muna da PRAAD, gidan adana takardun gwamnati, a Ankara babban birnin Gana, da Kumasi da Tamale. Na Salga ka fi samu a Tamale da Ankara. Fadar sarkin Asante ta Manhyia ma tana da nata, akwai shari'o'in fili da gidaje. A jami'ar Legon kuma, cibiyar nazarin Afirka ta tara takardun Larabci da ajami tun shekarun 1960, zamanin Ivor Wilks da Thomas Hodgkin, ijazozi irin taka suna da yawa a ciki. In ka karanto sunan malamin da ya ba kakanka ijaza, mai yiwuwa a same shi a wata ijazar, daga nan ka san a wane gari ya yi karatu. Abu ɗaya: in zuri'arku ta bi ta Kete-Krachi ko Yeji, tsofaffin garuruwan ruwan Volta ya ci su bayan an gina madatsar Akosombo a shekarun 1960, an tayar da mutane zuwa sabon wuri. Kabari da kango ba za ka gani ba, sai dai mutane.

Jikan_Fatake:
Allah ya saka da alheri Yaya. Gwaggo takan ambaci Yalwa. Zan turo maka sunayen ta akwatin sirri, ba na son in baza su a fili.

Likita_A_Jamus:
Me zai hana ka yi gwajin DNA? Tofa yawu ne a kwalba ka aika. In wani daga cikin na Kumasi ko 'ya'yansu da ke Amurka ko Ingila ya taɓa yi, kamfanin zai nuna muku kuna da dangantaka. Akwai kuma gwajin da ke bin layin uba kaɗai, shi zai iya ba da haske kan maganar Madina ko Abzin.

Malam_Na_Zaure:
Likita, a yi hattara. A shari'a ɗa na mai shimfiɗa ne, nasaba da aure take tabbata da shaida da iƙirari. Gwajin nan yakan fito da abin da Allah ya rufa wa bayinsa asiri a kai, waɗanda abin ya shafa kuma sun mutu ba za su kare kansu ba.

Likita_A_Jamus:
Na yarda da wannan Malam, duk mai yi ya shirya wa abin da zai gani. Kuma gaskiya mutanenmu kaɗan ne a rumbun kamfanonin, sakamakon yakan zo da faɗi, a ce kaso kaza Najeriya, kaso kaza Mali, ba zai ce Bebeji ba. Amfaninsa gano ɗan'uwa mai rai ne kawai.

Sharifin_Gida:
Ban ji daɗin yadda aka yi saurin ture maganar Madina ba. Ba duk abin da ba a rubuta ba ne ƙarya. A Kano akwai unguwar Sharifai, zuri'ar Sidi Fari ɗan Shehu Magili da ya zo zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, kowa ya san su. Larabawan Gadamus da Tarabulus sun zauna Dandalin Turawa sun hayayyafa. Wa ya ce kaka na bakwai ko na goma a gidansu ba daga Gabas ya zo ba? Takardar ai a shida ta tsaya.

Almajirin_Tarihi:
Ranka ya daɗe Sharifi, ba wanda ya ce ba zai yiwu ba. Abin da aka ce wannan takarda ba ta nuna hakan ba. Ga ma'auni mai sauƙi: a shekara ɗari akan samu kaka uku, wani lokaci huɗu. Sunaye shida daga 1892 za su kai mu wajen 1700 ko kusa da haka, daidai da ƙarnin da ake cewa Agalawa sun fara zama ƙasar Katsina. Mai son ya kai zamanin sahabbai kuwa sai ya jero kusan arba'in. Na ga takardun da ke kai mutum can da suna goma sha biyar, ka san an tsallake da yawa ko an ɗinka biyu wuri ɗaya. Kuma kusan kowace al'umma a nan tana da labarin Gabas: Daura da Bayajida daga Bagadaza, sarakunan Barno da Saifu ɗan Zi Yazan na Yaman, Toronkawa da Uƙuba ɗan Nafi'u. Labaran nan suna da daraja, suna nuna inda zuciyar mutane ta fuskanta, amma mai bibiyar gidansu daga kansa yake farawa ya yi sama, suna bayan suna, inda hujja ta tsaya ya tsaya.

Sharifin_Gida:
To ya rubuta duka biyun. Ya ce ga abin da takarda ta ce, ga abin da iyaye suka ce. Kada ya goge ɗaya.

Ba_Damagare:
Daga Damagaram nake gaishe ku. Idan maganar Abzin ta tabbata, wata rana sai kun ƙetaro wajenmu. Faransawa sun fi Ingilishi son ƙidaya, sukan bi gari-gari suna rubuta mai gida da matansa da 'ya'yansa da dabbobinsa saboda haraji da aikin tilas. Wasu kundayen suna gidan adana takardu na Yamai, wasu a Dakar tun da can ne hedikwatar mulkinsu. A Yamai kuma cibiyar bincike ta IRSH tana da tarin takardun Larabci da ajami, marigayi Bubu Hama ne ya fara tara su. Sai dai duk na Faransawa bayan 1900 ne, ku kuma kakanninku sun bar Abzin tun kafin jihadi. A can sai dai sunan ƙabilar Abzinawan da suka fito daga cikinta, in akwai tsohon da ya riƙe.

BaGobiri77:
Ba wanda ya yi maganar tsage. Kafin takarda shi ne shaidarmu. Mu Gobirawa shida a kunci ɗaya bakwai a ɗaya, ko a Makka aka gan ka an san ka. Ka nemi tsohon hoton kaka, na fasfo ko na aikin hajji, ka kai wa tsohon wanzami a Bebeji ya duba fuskar. Ka kuma tambayi gwaggo da su wa kuke wasa. Fulani da Barebari, Kanawa da Zagezagi, Katsinawa da Nufawa, mu da Yarabawa. Gidan da ya manta garinsu bai cika manta abokin wasansa ba.

Tsohon_Muhuti:
In ƙara kan hirar gwaggo. Tsofaffi ba sa riƙe shekara da lamba, da abin da ya faru suke riƙewa. In ta ce zamanin Alu, 1894 zuwa 1903 ne. Zuwan Turawa Kano 1903. Isowar jirgin ƙasa 1911. Yunwar Kakalaba 1913 zuwa 1914. Babbar mura 1918. Sarki Alhaji, wato Abdullahi Bayero, 1926 zuwa 1953. Tun da a Gana ta tashi, za ta iya kawo girgizar ƙasar Ankara ta 1939 in an ba ta labari, ko samun 'yancin kai na 1957. Ka yi jadawalin waɗannan a gefe, duk haihuwa ko aure ko mutuwa da ta ambata ka rataya ta jikin ɗaya.

Jikan_MaiWurno:
Ina karanta ku daga Sudan, har na yi hawaye. Mu kakanninmu sun biyo hijirar Sarkin Musulmi Attahiru, bayan yaƙin Burmi na 1903 suka ci gaba da ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno har bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar. Muna jin Hausa, muna tuwo, amma abin da muka riƙe na asali kalma ɗaya ce, wai daga ƙasar Haɗeja. Ba gari, ba unguwa, ba takarda. Ɗan'uwa kai da kake da sunaye shida da shekara da gwaggo mai rai, kada ka yi sanya.

Jikan_Fatake:
Jama'a na gode ƙwarai. Na ɗauki hotunan, na ɗaga ta farko a rana, jinjirin watan nan uku suna nan kamar yadda aka faɗa. Na zauna da gwaggo yadda Hajiya ta ce. Ta ba ni laƙabin biyu daga cikin Muhammadun, ta ce kishiyar uwarta Badagomba ce mai sayar da koko, tana da 'ya'ya uku lokacin da aka rabu, mace ce babba. Ta kuma ce tana ƙarama akwai wani tsoho da kan zo daga Bebeji bayan sallar layya a sauke shi a ɗakin zaure, kaka na ce masa Yaya. Babban wanmu dai har yanzu yana kan maganar Madina, na ce masa zan rubuta duka biyun kamar yadda Sharifi ya ba da shawara. Bebeji zan fara zuwa, wurin dagaci da limami, kafin Kaduna.

Baba_Tsoho_Fagge:
In za ka je kada ka tafi kai kaɗai, ka ɗauki babban wan naka. Yaro ba ya shiga gaban dattawan gari ya tambayi asalin gida ba da babba ba. Kuma ku fara faɗa musu ba gona kuka zo nema ba, in ba haka ba kowa zai ce bai san ku ba.

Ɗan_Zangon_Kumasi:
Na ga saƙonka. Na kai sunayen wurin wani dattijo a Yalwa, ya ce laƙabin kakanka ba baƙo ba ne a kunnensa, amma gidaje biyu ne ake kira da shi, ɗaya Kanawa ɗaya Zabarmawa. Ka tambayi gwaggo ko gidansu na kusa da masallaci ne ko kusa da inda ake sauke goro, sannan ka samo mini sunan babbar 'yar.

Jikan_MaiWurno:
Tsohon_Muhuti, Baba don Allah tambaya. Waɗanda suka yi hijira a 1903 suka bar gonaki, akan rubuta wanda aka ba gonar da sunan mai ita na farko? In akwai irin wannan littafi na ƙasar Haɗeja, a ina zan sa a duba mini?